Kujerar Yaya

Motar da ma ba ta Auta ba ce, ta yayansa ce. 'Yar ƙarama ce koriya mai kujera biyu, ba ta da rufi sai na tamfol da ake naɗewa baya, fitilunta sun ɓullo saman bonet tulu-tulu, shi ya sa kowa a gidan ke kiranta Kwaɗo. Yaya ya tsince ta ne a bayan garejin wani bakanike, kaji na kwana a cikinta, tun yana sabon ma'aikaci a gidan ruwa. Ya share shekaru yana tada ta, noti bayan noti, har ta dawo kamar ranar da aka ƙera ta. Matarsa, wadda Auta ke kira Anti, takan ce da motar nan na cin abinci, da ita za a fara zuba wa kafin 'ya'yan gida.

Bai daɗe da yin ritaya ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya faɗa masa. Hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, harshe ya yi nauyi. Da ya warware har yana iya takawa da sanda, ya sa aka kira masa Auta, ya miƙa masa makulli da hannun hagu.

"Ta zama taka," in ji shi, yana jawo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Amma ran Asabar ka riƙa zuwa. Ka fita da ni."

"Haba Yaya, wannan har sai ka roƙa? Wallahi ko ruwa ake ko iska, kana buɗe ido za ka gan ni."

Auta mai kantin magani ne, ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a gidansu har gobe Auta ne, kuma rantsuwa ba ta yi masa wuya. A yi masa adalci dai, da farko ya cika alkawari. Shigar da Yaya cikin Kwaɗo aiki ne na mutum biyu, don motar a ƙasa take ƙwarai. Anti ta riƙe shi ta hammata, ya juya baya ya sauka a kan kujera a hankali, sannan Auta ya durƙusa ya ɗauki ƙafar da ta mutu da hannu biyu ya shigar da ita. Sai su bi titin bayan gari, su wuce madatsar ruwa, iska na dukan fuskokinsu. Yaya ba ya yawan magana a hanya, kunnensa na kan inji. Can sai ya ce, "Canja giya," Auta ya canja. In suka dawo yakan ci abinci har ya nemi ƙari. Anti ta ce tun ranar Juma'a yake fara tambaya ko an goge masa riga.

Wani mai sayen maganin hawan jini ne ya ɓata lamarin. Ya ga Kwaɗo a ƙofar kanti, ya zagaya ta yana kaɗa kai, ya ce ai irin wannan ba a yi ta don zuwa kasuwa ba. Ya ba Auta labarin wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi, inda wata ƙungiya ta masu tsofaffin motoci ke tsere ranar Lahadi sau ɗaya a wata. Ba 'yan ganganci ba ne, in ji shi, magidanta ne masu sana'a, da dokokinsu da hulunansu na kwano. Auta ya je kallo kawai. Aka ara masa hula aka ce ya ɗan zagaya ya ji, kuma daga zagayen nan abin ya shige masa jini.

Tseren farko ya zo na kusa da ƙarshe, bai damu ba. Ya canja tayoyi, ya sa aka gyara birki, ya koyi inda ake shiga kwana da inda ake fita. Sannu a hankali ya wuce wani ɗan kwangila, ya wuce wasu lauyoyi biyu, ya wuce wani mai gidan burodi, har ya rage masa mutum ɗaya. Wani likitan dabbobi ne da ake kira Dokta, ƙaton mutum mai fara'a, wanda in ya shiga jar motarsa sai ta sunkuya gefe guda. Motarsa irin Kwaɗo ce sak. Duk tsere Auta na biye da shi yana shaƙar hayaƙinsa, kuma duk in an gama Dokta zai zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Saura ƙiris, mai magani!" Auta ya fi son a zage shi da ya ji wannan ƙiris ɗin.

A filin kowa maganarsa ɗaya ce: injin irin waɗannan motoci ƙarami ne, wanda ke son gudu sai ya rage nauyi. Auta ya ɗauki maganar da zafi. Ya kwaso sikelin kantinsa, wanda masu ciwon suga ke hawa, ya kai garejin gidansa. Duk abin da ya kwance daga jikin Kwaɗo sai ya ɗora ya gani, ya yi murmushi shi kaɗai. Tayar ko-ta-kwana ta fita, jak ya bi ta. Kafet ya fita, bamba ta gaba da ta baya, tamfol ɗin rufi da ƙarafunansa. Ranar da rediyo ta fita Yaya ya daɗe yana kallon ramin da ta bari.

"Tana wurin gyara," in ji Auta. Yaya ya mai da ido kan titi.

Sai aka zo kan keji. Dokar ƙungiya ta ce duk wanda gudunsa ya kai wani mataki dole a ɗaura wa motarsa bututun ƙarfe ta ciki, don ko ta kife kada ta murƙushe shi. Auta ya kai Kwaɗo wurin mai walda. Mutumin ya auna, ya zana da alli, ya nuna masa cewa ƙofar direba dole a gindaya mata ƙarfe biyu, amma ta gefen fasinja ganin dama ce. In an gindaya, motar za ta fi tsayawa daram a kwana. Sannan akwai wani bututun da zai ratsa daga bayan kan direba zuwa ƙasan ɗaya gefen, daidai inda kujerar fasinja take.

Suka kwance kujerar. Ta fata ce, da sifirin a cikinta, Yaya da kansa ya kai ta aka ɗinke. Auta ya ɗaga ta ya ji nauyinta, zuciyarsa ta yi fari.

"Maigida," in ji mai walda, girandar yankan ƙarfe a hannunsa, "in na yanke ƙafafun nan da take zama a kai, babu mayarwa fa. Mota ta zama ta mutum ɗaya ke nan."

Kada wani ya ce Auta mantuwa ya yi. Bai manta ba. A tsaye a wurin ya ga ƙafar Yaya a hannunsa, ya ga ƙarfen da za a gindaya a ƙofa, ya san ko mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya yi tsallake kafin ya shiga. Ya gaya wa kansa cewa na ɗan lokaci ne, in ya kayar da Dokta sau ɗaya tak zai san dabarar da zai yi. Ya san ƙarya yake, kuma a haka ya ce, "Yanke."

Kujerar a shagon ya bar ta. Da ya dawo ɗaukar mota ya tarar mai walda ya jingina ta da bango, yana zaune a kai yana cin abincin rana.

Asabar ta zo, Auta ya je gidan Yaya da babbar motarsa ta iyali, mai sanyi da gilashi a rufe. Ya ce giyar Kwaɗo ta sami matsala, an aika a nemo kayan gyara daga nesa. Yaya ya shiga, aka bi titin bayan gari, aka wuce madatsar ruwa. Da suka dawo ya ce, "Wannan ai ɗaki ne." Asabar ta gaba ya ce a bar shi, sai Kwaɗo ta tashi. Daga nan Auta ya fara ƙaurace wa gidan, don ba ya iya haɗa ido da shi. Waya yakan buga, Anti ta ɗauka.

"Ƙanin miji, wai kayan gyaran nan a ƙafa suke tahowa ne?"

"Anti, kin san tsohuwar mota. Amma sun kusa."

"To Allah ya kawo su. Yayanka dai ya daina tambayar riga."

Wannan magana ta kwana biyu tana cinsa. Amma tsere na matsowa, kuma ya sami wani murfin but, wato wurin kaya na bayan mota, na roba da bai kai rabin nauyin na ƙarfe ba.

Ranar tsere ya isa filin da wuri, ya shiga layin awo. Kafin kowane tsere akan tura mota kan sikeli huɗu, taya ɗaya a kan kowanne, direba na zaune a ciki. Auta ya saba jin daɗin wannan wuri, don duk wata lambar raguwa take. Mai awon, wani dattijo mai tabarau a bakin hanci, ya dubi allo, ya dubi Auta, ya sake duban allo.

"Mai magani, ka zarce."

"Na zarce me?"

"Ajinku akwai nauyin da mota ba ta sauka ƙasa da shi. Kai ka sauka da kilo talatin da wani abu. Ko dai ka cike, ko ka koma gefe ka yi kallo."

Dokar tana nan tun fil azal, an ma karanta masa ita ranar da ya shiga ƙungiya. A lokacin Kwaɗo na da ƙiba, maganar ba ta shafe shi ba, sai ya bar ta ta wuce ta bayan kunne. Masu layi suka fashe da dariya. Ɗan kwangila ya ce a ba shi buhun siminti ya rungume. Dokta ne ya tura aka ɗauko masa sandunan dalma daga tantin ƙungiya, ya ara masa na'urar huda ƙarfe.

"A ina zan ɗaura?" in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"A ina kuwa? Gefen fasinja mana, inda babu kowa. Nan ne za ta daidaita nauyinka."

Auta ya cusa kai ta tsakanin ƙarafunan ƙofa, ƙafafunsa a waje, ya huda ƙasan motar a daidai tabon da giranda ta bari. Gumi na zuba masa a ido. Yana ɗaure noti na ƙarshe ya ji ana taɓa masa ƙafa da sanda.

"Ƙanin miji! Ashe shirin da kake mana ke nan a ɓoye?"

Ya fito da kai da sauri har ƙeyarsa ta bugi bututu. Anti ce tsaye, baki har kunne, ta riƙo Yaya ta hammata. Yaya ya sha farar riga mai guga, an yi masa aski, ga tsohon tabaransa na tuƙi rataye a wuya.

"Ai Dokta ne ya tona maka asiri," in ji Anti. "Shi ke duba min kajina. Ya ga hoton Kwaɗo a falo ya ce ya san ta, ƙanin mijina na ba shi wuya da ita. Ya ce in an gama tsere akwai zagayen iyali, kowane direba ya ɗauki nasa a zaga da shi fili a hankali. Na ce wa yayanka, ka ga, da ma yaron nan so yake ya ba ka mamaki. Jiya ko barcin kirki bai yi ba."

Gaskiya ne, akwai zagayen iyali. Auta bai taɓa tsayawa yinsa ba, yakan ɗauka na masu son hoto ne.

Anti ba ta san mota ba, ita fenti kore kawai ta gani. Yaya kuwa ya san kowane noti a jikinta. Ya saki hannun matarsa, ya dogara sanda, ya fara zagaya Kwaɗo yana jan ƙafa. Ya tsaya inda bamba take a da. Ya ƙwanƙwasa murfin but da yatsa, ya ji ƙarar roba. Ya iso ƙofar fasinja, ya dafa ƙarafunan da aka gindaya, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallon sandunan dalmar nan a jere a ƙasa. Auta na tsaye da sifana a hannu, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya rasa ta inda zai kama, don ƙaryar giya ma ta ƙare.

"Yaya, ai dokar ce ta..."

"Sa wanshar," in ji Yaya a hankali, yana nuna notin da sanda. "In ba haka ba zai kwance. Ya buge ka."

Da zagi ya yi, ko ya ɗaga sandar ya maka masa, da Auta ya sami abin riƙewa. Ya durƙusa ya kwance notin ya sa wanshar, ɗan zoben ƙarfen da ke riƙe shi. A bayansa ya ji Anti na cewa, "To ina kujerar? Ko sai an jima za a ɗaura?" Sai ta matso ta leƙa da kanta. Da Auta ya ɗago, murmushin ya bar fuskarta, kuma ba ta ƙara ce masa ƙanin miji ba a ranar.

Aka samo wa Yaya kujerar roba a inuwar tanti. Aka ɗaga tuta, motoci suka zabura. Abin takaici, Kwaɗo ba ta taɓa yin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Dalmar ta zaunar da ita daram, kejin ya hana ta murɗewa, tana shiga kwana kamar an ja ta da zare. A zagaye na kusa da ƙarshe Dokta ya buɗe kaɗan a babbar kwana, Auta ya cusa kai ta ciki ya wuce shi. Abin da ya shafe watanni yana mafarki ke nan. Ya tsallaka layi shi ne na ɗaya, mutane na ihu, shi kuwa cikin hular kwano fata yake a ƙara zagaye goma, don kada ya tsaya.

Amma dole ya tsaya. Aka miƙa masa ɗan kofin azurfa, aka ɗauki hoto. Dokta ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa, ya ce yau ƙiris ya cika. Auta ya ɗauki kofin ya nufi tanti, don bai san inda zai kai shi ba in ba can ba.

"Ka yi tuƙi," in ji Yaya. "Na ji injin. Ba ka wahalar da ita ba."

Lasifika ta sanar da zagayen iyali. Nan da nan fili ya cika da mata da yara da tsofaffi, kowa na neman motar nasa. Mai gidan burodi ya ɗauki mahaifiyarsa. Ɗan kwangila na rabon faɗa tsakanin 'ya'yansa mata biyu kan wadda za ta shiga. Yaya na zaune yana kallonsu, hannunsa na hagu na wasa da igiyar tabarau.

"Bari in kwance dalmar," in ji Auta da sauri. "A shimfiɗa wani abu a ƙasa, mu ɗaga ka ta sama mu..."

"Ka ɗaga shi ta sama?" in ji Anti. "A gaban mutanen nan? Buhu ne shi?"

Dokta na kusa, ya ji komai, kuma ya fahimci abin da bakinsa ya jawo. Ya matso yana murza hular kwano a hannu, ya rusuna wa Yaya duk da girman jikinsa.

"Baba, ni yau iyalina ba su zo ba. In ba za ka raina ba, tawa ma irin taka ce, sai dai ja."

Yaya ya dubi Auta, kamar mai neman izini. Wannan kallon ya fi komai yi wa Auta ciwo. Ya sunkuyar da kai.

Aka kawo jar motar bakin tanti. Anti ta riƙe Yaya ta hammata, ya juya baya ya sauka a kan kujera. Auta ya matsa zai durƙusa, amma Dokta ya riga shi. Mutumin da ya saba ɗaga ƙafar doki, ya ɗauki ƙafar Yaya da hannu biyu cikin lallami ya shigar da ita, ya ja bel ya ɗaura masa.

Doka ta ce wanda ya ci tsere shi ke jan zagayen, don haka Auta ya shiga gaba shi kaɗai, kofin na gungurawa a ƙasa yana bugun dalma. Jar motar na biye da shi. A madubi yana ganin Yaya ya sa tabarau, iska na kaɗa masa riga, yana magana, Dokta na gyaɗa kai yana dariya. Auta bai taɓa jin zagaye mai tsawon wannan ba, kuma sau biyu idonsa ya cika har ya daina ganin titi sosai.

Da aka tsaya ya yi tsallake ta kan ƙarafunan ƙofa, ya ruga don ko fitar da Yaya ya samu ya yi. Ya iso ya kama marfin ƙofar. A ransa ya riga ya tsara abin da zai ce: gobe zai koma wurin mai walda, a yanke kejin, a karɓo kujerar, ko me za a yi a yi. Yaya bai lura da isowarsa ba. Ya juya wajen Dokta, fuskarsa a sake, yana haɗa kalmomi da ƙyar.

"Likita," in ji shi, "ran Asabar... kana da aiki?"